Ranar da aka yi roƙo da sunana

Ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Autata malamar firamare ita ke rubuta wannan, ni ina faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana.

A Kebbe aka haife ni, aure ya kawo ni Tambuwal, nan na yi ungozomanci har gwiwa ta ce ya isa. Rabin matan unguwarmu da hannuna na yanke cibiyar 'ya'yansu. Ko lokacin da maigida ya rasu, damina ta ƙi, na sai da tasoshina na aure ɗaya bayan ɗaya, amma ban tsaya ƙofar kowa na ce a sam mini ba. Wannan shi ne abin da na tara a duniya.

Ɗana na fari yana aiki a sakatariyar Kebbe. Tun da na haife shi ban kama sunansa ba, ban zauna hira da shi ba. Haka muka tashi muka tarar, ɗan fari kunyarsa ake ji. In yana da magana ya faɗa wa ƙanwarsa, in ina da ita ta can za ta bi. Shi ya aiko mini da waya mai shafawa, autar ta koya mini danna wuri ɗaya in yi magana, muryata ta tafi har Sakkwato. Ta sa mini lambar sirri, na haddace. Baƙi ban sani ba, amma lamba na sani, wadda ta yi kasuwa ba ta jahilci lamba ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, autar tana makaranta, waya ta yi ƙara. Wani ya yi sallama cikakkiya. Ya gaishe ni da gida, da gwiwa, da jikoki, da harshenmu na nan, ba Hausar rediyo ba.

"Inna, daga ofishin su babban yaya nika kira. An aiko miki saƙo tun jiya, a canza lambar sirri, in ba a canza ba yau za a rufe miki layi. Shi ya ce in taimake ki, kin san ba ya iya kiranki da kansa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kwance ni. Na ce a raina, wanda ya san wannan ai na gida ne. Na ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Mi za ni yi?"

Ya ce in faɗa masa tsohuwar lambar don ya sa sabuwa. Na faɗa. Ya ce wani saƙo zai shigo, in karanto masa lambobin ciki. Na kai wayar bakin ƙofa wurin haske, na karanto su tiryan-tiryan, har ina jin daɗin ban yi kuskure ba. Zuciyata ta ɗan yi mini wani iri, ba zan ɓoye ba. Lambar ɗana tana cikin wayar, da hotonsa. Dannawa ɗaya ce. Na dubi hoton, na kife wayar, na koma tankaɗe.

Kwana biyu babu muryar da ta shigo mini, na ɗauka sabis ne. Rana ta uku na je suna. Ina shiga gidan sunan, hira ta yanke. Wata da na karɓi haihuwarta sau fuɗu ta matso tana magana ƙasa-ƙasa, wai ta ga saƙona, ta aika da abin da ya sawwaƙa, in yi haƙuri ba yawa.

Ashe da sunana da hotona aka bi mutane ɗaya-ɗaya a rubuce: wai ina kwance ba lafiya, ɗana ya yi watsi da ni, a taimaka, kada a faɗa wa 'ya'yana.

Autar ta duba wayar, ta ce saƙon da na karanto lambobinsa, a ƙasansa an rubuta kada a ba kowa. Ta ce duk mai gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, kuma ba ya cewa yau-yau. Na ce mata ta makara da wa'azi.

Ɓarawo ban san fuskarsa ba, na bar shi da Allah. Wadda ta ƙona ni ita ce aminiyata, da muka yi ɗaurin ƙawance tun muna amare. Ita ma saƙon ya je mata. Gidanta da nawa ba nisan da zai sa a hau mashin. Ba ta zo ba. Ta dai bi gidaje tana cewa ashe tsohuwa ta gaji da taurin kai.

Na same ta tana tsinke zogale. Na ce, "Ƙawa, yaushe na koyi rubutu?"

Ta ce, "To, na ce ko autar ce ta rubuta miki."

"Shekarar da na sai da tasoshina, ke kika kai su kasuwa. Na roƙe ki ko gishiri?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tsufa kan canza mutum."

Na ce, "Na gani."

Maganar ta kai Kebbe, cewa ɗana ya bar uwarsa tana bara. Wannan ban iya aika ta bakin kowa ba. Bayan la'asar na ɗauki wayar autar, na ce ta danna mini shi ta fita. Ya ɗauka yana tsammanin ƙanwarsa ce. Na ce, "Ni ce." Ban jira gaisuwa ba. Na ce, "Ban roƙi kowa ba, kuma ban ce ka yar da ni ba." Ya ce, "Na sani, Inna." Muryarsa irin ta ubansa ce, ban taɓa lura ba.

Sauran mutane da ƙafa na bi su, gida-gida, gwiwa tana kuka, na faɗa da bakina. Gidan aminiyata ne kaɗai na wuce. In mun haɗu a biki muna gaisawa, ina kwana, lafiya lau.