Hajiyar da Ba Ta Shan Ruwan Kwano

Shekarun baya, ba masu nisa ba, shekarar da mutanen Khartoum masu gudun yaƙi suka cika mana Gadarif har makarantu suka koma ɗakunan kwana. Damina ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, kuma a shekarar ne haƙorina na gaba ya fita a kan rake. An gama riɗi, ana tsakiyar yankan dawa a gonakin Gadambaliya, sai na Madani su ma suka taso. A cikinsu har da ƙanena da matarsa. Ni ban yi makaranta ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini.

Ƙanena a kan ruwa ya tsufa. Aikinsa a gonakin Jazira shi ne buɗe ƙofar ruwa da rufe ta, ya saki wa wannan gona, ya tare wa waccan. Matarsa kuwa shayi take sayarwa a bakin tasha. Har yau Amarya nake ce mata, ko da yake ta aurar da 'ya'ya. Mace ce mai shiru da yawan kallo, kuma a da na ɗauka mai shiru ba shi da abin faɗa ne.

Suka sauka da ƙullin tufafi, da tiren kofunan shayi, da wani kejin tsuntsu an lulluɓe shi da tsohon mayafi. Na ce a raina, Allah ya yi masa albarka, ko a gudu bai manta da yayarsa ba, ya kawo mini tantabara. Na ɗaga mayafin, sai ga hawainiya, ido ɗaya na kallona, ɗayan na kallon rufin soro.

Na ce, "Auta, ka bar gado da firji da akuya, ka ɗauko wannan?"

Ya ce, "Yaya, su akuya ba su hau hannuna ba. Hajiya kuwa tana ganin muna ɗaure kaya ta sauko daga bishiyar lemo ta hau."

"Wace Hajiya?"

"Ita. Dubi tafiyarta. Taku ɗaya, ta tsaya ta yi tunani. Ai haka kakanninmu suka nufi Makka har suka ƙare a nan."

Duk unguwarmu ni ake kira Hajiya, kuma ni na je na dawo. Ranar nan gidana ya samu Hajiya biyu. In aka ce Hajiya ta ci ƙuda, sai yaran maƙwabta su juyo su dube ni.

Na kafa sharaɗi. Mahaifiyata ta gaya mini in hawainiya ta hura wa mutum, fatarsa sai ta yi dabbare-dabbare. Don haka na ce ba za ta fita daga keji ba, keji kuma ba zai fita daga ɗakinsu ba. Ɗakin kwano ne, tagarsa ƙarama. Aka sa mata ruwa a ɗan kwanon tangaran, ƙanena na kamo mata fara.

Akwai kuma dokar da ta girmi zuwansu, dokar ruwa. Wanda bai zauna a Gadarif da bazara ba bai san darajar ruwa ba. Famfo sai ya bushe, sai dai a jira mai karo, wato mai amalanken jaki da ganga, wani lokaci a wuni ana leƙen hanya. A gidana ruwan wanke shinkafa shi ke wanke kwano, na wanke kwano shi ke kwantar da ƙurar ƙofa. Na faɗa da ƙarfi kowa ya ji, kamar yadda nake faɗa kullum. Dokar tawa ce, har yau ban janye ta ba.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sai Hajiyar keji ta fara lalacewa. Koren nan nata mai kyau ya koma kamar tsohuwar igiya. Ta daina hawa sandar da aka sa mata, ta kwanta a ƙasan keji. Rana tsaka ido a rufe. In an miƙa mata fara sai ta harbo harshe ya faɗi a rabin hanya.

Shi ma mai ita ya bi sahu. Ya daina fita, ya daina zuwa masallaci, yana kwance a kan gadon igiya yana kallon keji. In an kai tuwo ya taɓa ya ture. Wata rana na leƙa na same shi yana taimama da dutse, ga randa a tsakar gida.

Na ce, "Auta, ruwa ya ƙare ne?"

Ya ce, "Yaya, na shayar da gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu. Yau ba zan sa ki jiran jaki saboda ni ba."

Na yi masa faɗa, ya ce to, bai canja ba. Sai da na ji shi yana ce wa matarsa, "In ta tafi, ni ma ban ga abin da nake jira ba," sannan na gane abin ya wuce wasa. Mu biyu kaɗai muka rage a cikin 'ya'yan mahaifiyata.

Kowa ya zama likita. Maƙwabciyata ta ce kambun baka ne, a yi hayaƙi. Aka yi, dabba ta buɗe baki tana haki. Wani mai magani a kasuwa ya aiko cewa in ta mutu kada a yar, yana so ya busar. Ni na ce ai iska take ci, mahaifiyata ta faɗa, iskar Gadarif ce ba ta karɓe ta ba. Amarya ta ɗauki kejin har wurin likitan dabbobi. Mutumin kirki ne, ya juya ta, ya duba bakinta, ya ce shi raƙumi da saniya ya sani, ba zai yi mata ƙarya ba, amma da ɗan maraƙi ne da ya ce ƙishirwa ce.

Na yi dariya da ta dawo. Na ce, "Ƙishirwa? Ga kwano cike a gabanta, ni nake ganin ana zubar da shi ana sakewa, raina na ƙuna."

Amarya ta ce, "Haka ne, Yaya. Kullum cike yake. Shi ne abin da ya tsaya mini."

Daga nan na fara ganin wace ce matar ƙanena. Ba ta yi gardama da kowa ba. Ta kafa teburin shayinta a ƙofar gida, ta roƙe ni in yarda ta ajiye kejin kusa da ita. Na ce in dai baki ba ya fuskantar ni. Sai ta riƙa canja abu ɗaya, ta zuba ido, sannan ta canja wani. Ta ce a Madani da safe Hajiya kan hau reshen sama ta baje jiki, rana na yin zafi ta shige ganye. Don haka ta ba ta hantsi, ta mayar da ita inuwa. Launi ya ɗan dawo. Ta karyo reshen lallena ta sa mata, dabba ta daure ta hau. Amma ido yana nan a faɗe.

Ta kira ni ta ce, "Yaya, zo ki ga."

"Daga nan ma ina gani."

"Dubi idon, ya shige ciki. Dubi fatar, in na ɗan ja ta ba ta komawa. Kashinta kuma, farin nan da ke gefensa ya zama ruwan goro. A hanyarmu ta zuwa na ga jarirai da irin wannan ido. Likitan bai yi kuskure ba."

"To ta sha mana. An ɗaure mata baki ne?"

Ta miƙe. Ta shiga wurin mijinta, ina ji daga tsakar gida.

"Malam, a Madani da me kake ba ta ruwa?"

"Ban taɓa ba ta ruwa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Me zan ba ta? Ni dai in na dawo aiki na ja tiyo na yayyafa wa tsakar gida, na wanke wa lemon nan ƙura. Shi ke nan."

Ta fito ta zauna a kan kujerarta. Masu shayi suna da wata al'ada, in sun ɗauraye kofi sai su yarfe shi. Ta tsoma kofi a ruwa mai tsabta, ta yarfe shi a kan reshen lallen da ke cikin keji. Ɗigo ya rataya a bakin ganye yana ƙyalli. Idon nan da ya kwana biyu a rufe ya buɗe, ya juyo. Ɗayan ma ya biyo shi. Ta miƙa wuya, ta buɗe baki a hankali, ta lashe. Amarya ta sake yarfawa, ta sake lashewa. Maƙogwaronta na motsi muna kallo.

Ashe ita ruwan da ke zaune ba ruwa ba ne a wurinta. Sai wanda ke ɗiga yana walƙiya a kan ganye. Wata da watanni tana mutuwa da ƙishirwa, ga kwano a gabanta. Nan na tuna lokacin da muke fita aikin riɗi da ƙuruciya, nakan ga 'yan'uwanta da sassafe a kan ganye mai raɓa suna motsa baki. Na ɗauka iskar ce suke ci.

Na zaci Amarya za ta ruga ta gaya wa mijinta. Ba ta je ba. Ta haɗa mini shayi mai kanumfari, ta kawo har inda nake, ta durƙusa.

"Yaya, lallenki na bushewa."

Gaskiya ne. Bishiyar lallen nan maigidana ya dasa mini ita, da ita na yi wa amaren unguwa ƙunshi, amma bazarar nan ta zubar da rabin ganyenta.

Ta ce, "Ruwan alwalar gidan nan a bayan ɗaki yake tafiya banza. Da za ki ba da umarni a mayar da dutsen alwala gindin lalle, ba a ƙara ko kofi ɗaya a kan abin da ake sha ba. Sai dai yana son wanda ya san hanyar ruwa. Ni in na faɗa wa Malam zai ce lallashi ne. Ke kuwa ba ya tsallake maganarki."

Na dube ta. Na ce, "Ita kuma waccan a saki a kan bishiyata ke nan?"

"Shekara da shekaru tana hawa hannunsa, Yaya. Ki duba hannun, ko tabo."

Na shanye shayina tukuna, don kada a ce an juya ni. Sannan na tashi na tsaya a ƙofar ɗakinsa.

"Auta, tashi. An ce kai ne mai ruwan Jazira, ga bishiya ɗaya tak tana mutuwa a gidan yayarka kana kwance. Daga yau alwalar kowa a gindinta, kai ne mai lura. In ta mutu kai na sani. Kuma kada in ƙara ganin dutsen taimaman nan."

Ya fito yana dafa bango. Ya zagaya bishiyar, ya taka ƙasar, ya ce wa ya dasa ta a kan tudu haka, ruwa zai gudu ya bar ta. Ya nemi fartanya. Kafin azahar ya yi mata kwari, ya ja 'yar hanya daga dutse zuwa saiwa, har da ɗan marfin gwangwani da yake tarewa da shi yana buɗewa. Da ya gama alwala, Amarya ta ɗora hawainiya a reshe ta ce, "Malam, sauran na butar, wanke wa ganyen ƙura." Ya zuba a tafin hannu ya watsa. Ya ga abin da muka gani.

Ya sake watsawa. Da ya juyo sai ya ce, "Akwai sauran tuwon jiya?"

Ba rana ɗaya ta warke ba. Ido ya ciko a hankali, harshe ya dawo da tsawonsa, ƙudajen da sukarin Amarya ke tarawa suka shiga uku. Kafin damina ta faɗi ta koma kore shar, sai ka yi ta nema a cikin lalle ba ka gan ta ba. Shi kuma da safe yana gindin bishiya, da la'asar yana can, daga nan ya wuce masallaci. Maƙwabta suka fara kiransa ya gyara musu magudana. Maƙwabciyata mai kambun baka ita ce ta fara yaɗa cewa lallen gidana ya fi kamawa saboda hawainiya na kwana a ciki. Ban ƙaryata ba.

Na daɗe a duniya, na ga masu wayo da masu baki, ni ma ba a bar ni a baya ba wajen baki. Amma irin Amarya ban gani da yawa ba. Ta duba dabbar da ba ta magana ta gane ciwonta, ta duba namijin da ya ƙi magana ta gane nasa. Ni ma ta duba ni, ta san ta inda ake ba ni ruwa in sha. Har yau in ana labarin a unguwa cewa ake dabarar Hajiya ce, ita kuma ba ta taɓa gyara wa kowa ba.

Mai maganin da ke jiran gawa shi ya riga ta tafiya, Allah ya jiƙansa. Likitan dabbobi yana nan da raƙumansa. Maƙwabciyata tana nan, tana aiko a tsinko mata lalle. Ƙanena da Amarya sun koma Madani da hanya ta buɗe, ya samu lemonsa ya bushe, ya dasa wani, ita kuma ta koma bakin tasha. Hajiyar lalle ba ta bi su ba. Bayan damina, tun suna nan, ta sauko ta yi ta tono a cikin kwarin da ƙanena ya yi, ba a jima ba muka same ta a ƙasa ta sandare, shi da kansa ya binne ta. Sai da wata daminar ta zagayo, suna can, na fito alwalar safe na ga wasu 'yan mitsi-mitsi a kan ganye, kowanne bai kai ɗan yatsana ba, kowanne ido ɗaya a kaina, ɗaya a sama. Ashe ƙwai ta binne a kwarin.

Ɗayar Hajiyar kuwa tana nan, ga ta tana ba ku labari. Dokar ruwa ma tana nan daram. Sauran na buta da nake watsawa safe da yamma, wa lallena nake yi.