Tafin Hannun Asibi Mai Wankan Jego

"Wai har yau ba ta rungumi yaron ba?"

"Ina fa! Ana miƙa mata shi sai ta sandare kamar muciya."

"Kunyar ɗan fari ce."

"Kunya a ƙuryar ɗaki, ita kaɗai? Haba dai."

Asibi na tsugune tana iza wutar ruwan wanka, hirar matan gidan hayar duk a kunnenta. 

A unguwar Bagama da ke Suleja ba wanda bai san Asibi ba. A Izom aka haife ta, wurin kakarta ta koyi wankan jego, aure ya kawo ta Suleja. Da gwamnati ta tare a Abuja, ma'aikata suka cika gari da haya, sai ta zama uwar masu jegon da iyayensu ke nesa.

Wannan karon Safara'u ce, matar Ghali direba, wadda haihuwa ta zo wa kafin a kai ta gida Zariya. Yaron ba ya samun nono sosai, don uwar ta kasa manna shi a ƙirji. Tun wankan farko Asibi ta ji kafaɗun Safara'u kamar dutse, ana taɓa su sai numfashi ya tsaya.

Don haka in an gama wanka takan kwantar da ita a tabarma, ta shafa man kaɗanya, ta ɗora tafi tsakanin kafaɗun, ba dannawa, ba gaggawa.

"Saki numfashin, 'yar nan, ba na haya ba ne."

Wata safiya gadon bayan Safara'u ya ɗauki rawa a ƙarƙashin hannunta, kuka ya biyo.

"Iya, ni ma 'yar fari ce. Ana yaye ni aka kai ni gidan gwaggona. Inna ko sunana ba ta faɗa. Ban san ɗumin jikinta ba."

Asibi ba ta ɗaga hannu ba sai da rawar ta lafa. Ran nan yaron ya ɗan jima a ƙirjin uwarsa kafin kafaɗun su sake ɗaurewa.

Ana gobe suna, sai Nana, uwar Safara'u, ta iso. Ta zauna bakin ƙofa ta kau da kai, ta tambayi lafiyar kowa ban da 'yarta. Amma Asibi ta ga idon nan yana satar kallon tabarma.

Asibi ta saki labule, ta kwantar da Safara'u ta gefe ɗaya, yaron a jikinta. Sannan ta riƙe nata wuyan hannun tana yamutsa fuska kamar mai jin ciwo, ta dubi Nana.

"Hajiya, hannun nan ya ƙi ni yau. Ba kowa a ɗakin nan sai mu. Don Allah matso ki ɗora mata tafinki nan, tsakanin kafaɗu."