Mai Gaisuwa na Zamanin Kwamacala

Duk wanda ya san layin mahauta a kasuwar Talata Mafara ya san Mas'ud. Hannu ɗaya na kan nama, ɗayan na kan waya, kuma har yau bai yanke yatsa ba. Teburina na tattasai yana gefen nasa, shi ya sa na san shi ciki da bai. Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa ya fi ƙashin saniya.

Wasan da yake yi a waya sunansa Burtali, na kiwon shanu ne, ana buga shi da mutanen garuruwa daban-daban. Tun makon da aka fito da shi ya buɗe suna, ya tarar shanu na tafiya da baya, bijimi ya maƙale a kan bishiya. Ya yi tsaki ya goge. Sai bayan shekara biyu da aka gyara komai ya dawo, ya zama gwani.

A waɗannan shekaru biyun ne ya rasa yayansa Auwalu. Sun ɓata a kan wuƙar fawa ta mahaifinsu, Mas'ud ya gaya masa magana mai zafi a gaban jama'a, ya toshe lambarsa. Auwalu ya koma Bakura. Ba su sake haɗuwa ba har aka harbe Auwalu a hanyar Maradun. Tun daga nan abu ɗaya ke cin Mas'ud: ko Yaya ya yafe masa kafin ya tafi?

Wata Talata, wani mai sayen nama daga garin Kaya, Maiwada, ya leƙa wayar Mas'ud ya yi dariya.

"Ku 'yan bana ba ku san Burtali ba. Mu mun ga zamanin kwamacala. Saƙon murya daƙiƙa goma yaka yankewa, kuma maimakon ya tai ga mai shi, kowa na ji. Akwai wani bawan Allah, Mai Gaisuwa muka ce mai. Kullum bayan La'asar sai ya turo ma wani, ya tsaya gaisuwa irin tamu, kahin ya kai ga magana ta yanke. Wata ukku yana yi! Bai taɓa rage gaisuwar ba."

"Wa yaka turo ma?" in ji Mas'ud, yana ta yankan nama.

"Wani wai Ɗan Sarkin Fawa. Bai taɓa amsawa ba, marar mutunci."

Wuƙar ta faɗi ƙasa. Sunan da Mas'ud ya buɗe ke nan a makon farko, kuma Auwalu ya san shi; da aka toshe lambarsa, ashe ta nan ya biyo. Ni kaina sai da na yi salati.

"Ina saƙonnin?"

"An share su dut da anka yi gyara. Amma na aje guda, don ban dariya."

Maiwada ya kunna. Wallahi muryar Auwalu ce, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, kamar yana tsaye a bayanmu.

"Salamu alaikum, Mas'udu. Ina wuni? Ina gajiya? Ya kasuwa? Ya iyali, ya jikin Inna? To madalla. Dama abin da nika son in hwaɗa maka..."

Shi ke nan. Ta yanke.

Mas'ud ya zauna daɓas a kan benci. Da ya jure wa shanu masu tafiya da baya ko na wata ɗaya ne, da ya ji, da ya buɗe lambar, da an ƙarasa zancen. Maiwada ya fara ba da haƙuri, ya rasa ta inda zai kama.

"Sake kunnawa," in ji Mas'ud.

Aka sake. Da muryar ta ce ina wuni, sai na ji ya amsa a hankali: "Lahiya lau, Yaya." Ya amsa gajiya, ya amsa kasuwa, ya amsa jikin Inna. Da aka zo inda take yankewa, ya ƙara matso da wayar kunnensa.

"Ina jin ka, Yaya," ya ce. "Hwaɗi."