Yarinyar da ke bayan kada

Da aka kai ni aure Tambuwal daga Kebbe, cikin kayana akwai wata ƙwarya da gwaggona ta yi wa zane da wuƙa mai zafi. Tatsuniyar da takan yi mana ta zana: yarinyar da kada ya goya zai ƙetare gulbi da ita. Ga yarinyar a bayan kada, hannuwanta sama. Gaɓar da ta baro akwai tsamiya, ɗaya gaɓar kuwa babu komai.

Ban damu da zanen ba sai daminar da aka aiko cewa mahaifiyata tana kwance. Lokacin mahara sun matsa wa hanya, Sarki ya hana fita sai da ayari, ayarin kuma ya ƙi tashi. Na kasa zama. In fara daka in bari, in leƙa ƙofar gida in dawo, in ɗauki ƙwaryar in ta juya ta. Ni dai kururuwa na ga yarinyar tana yi, bakin kadan ma kamar ya fara buɗewa.

Uwar mijina ta karɓa ta duba. Ta ce sam, wanda tsoro ya kama ƙanƙame abin da ya hau yake yi, ba ya sakin hannu. A ganinta yarinyar addu'a take. Na tambaye ta gaɓar da aka bari fili fa?

"Ba ta isa can ba tukuna, ɗiyata," in ji ta. "Mi za a zana?"

Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Kullum sai mun sake gardamar, har ta gaji ta je da kanta ta roƙi madugun wasu fataken gishiri su tafi da ni.

Mun sha laka, mun kwana a hanya, kowa na waige. Na tarar da mahaifiyata ta rame ƙwarai amma tana shan kunu da hannunta. Gwaggo kuwa idanunta sun mutu. Da na kawo maganar zanen sai ta ce ta manta yadda ta yi hannuwan, ta tura ni in ɗebo wa mara lafiya ruwa. Ban koma Tambuwal ba sai da aka yanke gero.