Hancin Rab Nawaz Mai Gyaran Kula

A duk Multan babu wanda ya kai maƙwabcina Rab Nawaz sanin kula, akwatin ƙarfen nan na sanyaya ɗaki, mai fanka a gaba, ruwa a ciki, jiƙaƙƙiyar ciyawa a gefe. Shekara talatin yana gyaranta, kuma da hanci yake aiki. Sai ya kunna, ya cusa fuska, ya ja iska har ƙirji ya cika, sannan ya yanke hukunci: "Famfon ya mutu." Ta gidansa kam shekara tara ba a canza mata ciyawa ba, wai sai ta tsufa take ƙamshin ruwan farkon damina.

Kowace bazara sai tari ya kama shi, ya sha zuma da citta. Da matakalar gidansa ta fara gagararsa, matarsa Naziran ta ja shi asibiti. Na raka su, don ba a barina a baya.

Likita ta ɗaga hoton huhunsa ta ce, "Baba, ƙwayoyin cuta ne ke hayayyafa a tsohon ruwan kula, kai kuma kana shaƙa. Sojojin jikinka da sun gan su sai su tashi da faɗa. Ɓera ɗaya suke nema, amma ɗakin suke rusawa. Kumburin nan aikinsu ne."

"To 'yata, ki ba sojojin magani su kwanta mana."

"Zan ba su. Amma in ka ci gaba da kawo musu baƙi, huhun zai ƙandare, kuma ba ya dawowa."

"To da me zan gane ciwon kula?"

Naziran ta ce, "Da ido, kamar sauran bayin Allah! Kai kaɗai aka haifa da hanci?"

Kwana huɗu ya daure. A na biyar ya saci jiki ya shaƙi kular mai shagon alewa, ya dawo da zazzaɓi, haƙora suna kaɗawa. Da ya miƙe, da hannunsa ya ɓamɓare ciyawar kular gidansa, ƙyalle ɗaure a fuska, yana hawaye kamar mai binne amini.

Yanzu da takunkumi yake gyara, barci kuma ƙarƙashin fanka zalla, a zafin Multan. Kullum azahar yana zagin fankar da wanda ya ƙera ta. Wata biyu da suka wuce, zagin a ƙofarsa yake tsayawa, don numfashin bai kai ba. Jiya har liman ya aiko daga ƙarshen layi a ce masa ya rage murya.