Shawarar da Na Shafa wa Kaina

Wata Laraba ce da rani, shekarar da na shiga aji huɗu, bayan an ƙone dajin bayan garinmu. Cikin baƙar tokar nan furannin rawaya suka ɓullo daga ƙasa, ba ganye ba kara, sai ka ce an watsa gwaiduwar ƙwai. Mu yara mukan tono saiwarta mu yi zane a bangon makaranta, kakata Iya Hansai kuwa shanya ta take a kan rumbu, don ita ke yi wa unguwarmu maganin shawara.

Ran nan Malam zai karɓi haddar lissafi, ni kuwa ƙwallon tsumma ta cinye mini makon. Sai na daka saiwar a bayan turken awaki, na goga a tafin hannu da fuska, na shigo gida ina jan ƙafa. Innata da ke jego ta ruɗe. Iya ta kamo haɓata, ta buɗe idona, ta shinshina hannuna, ta daɗe tana kallona.

"Shawara ce, babba ma," in ji ta. "Maigidana ba makaranta. Kuma ba mai, ba nama, sai ya warke."

Ban lissafa da cewa washegari ne sunan jaririyarmu ba. Aka yanka rago, ƙamshin suya ya cika gida, yara na yawo da ƙashi a baki, ni ina kan tabarma da ƙoƙon jiƙo. Duk baƙuwar da ta ce "Sannu Bala", sai Iya ta ƙaro mini wani ƙoƙon. Da la'asar na ga tukunya ta kusa ƙasa. Na je bakin randa na dirje fuskata da sabulun salo, na dawo na durƙusa na faɗi gaskiya. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta janyo kwano daga ƙarƙashin gadonta: hanta da tsoka, tun safe ta ajiye mini. Bulalar Malam kuwa ran Juma'a na sha ta, kuma na cancanta.

Yau gadi nake a garin Wakra, can ƙasar Larabawa, ina kwana a wata unguwa da ake kira Matar Ƙadim, mu shida a ɗaki. In zazzaɓi ya kama ni, katin asibiti nake ɗauka in hau bas, likita ya rubuta ƙwaya, khalas, shi ke nan. Sai ka kwanta da ciwon gaske, abokan ɗaki su fice aiki ba wanda ya lura. Allah ya ji ƙan Iya, ya yafe mini tsoron da na ba innata.