Hawayen da muka ɗauka na amarci ne

Shekarun baya, kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci har in iya haɗa waɗannan baƙaƙen da kuke karantawa, na aurar da 'yata ta fari. Ba ƙaramar yarinya ba ce, tana da kekenta na ɗinki, kuma ita ta kawo mijinta da kanta, wani mai sayar da hatsi a Hunkuyi. Mu kuwa a Janfalan muke. Babu komai a raina a lokacin sai murna, da fatan a yi taro a watse lafiya.

Ranar kamu ƙawayenta suka ɗauko wata mai kwalliya daga Makarfi, ta zo a kan mashin da akwatinta. Ni ina zaure, ban ga abin da aka yi ba, daga baya aka ba ni labari. Da ta gama shafe-shafenta sai ta fito da wani ɗan abu mai kama da fatar albasa, girman ƙwayar ido, wai shi lens, ana manna shi a ido ya canza masa launi. Ta zaro shi daga wata 'yar kwalba, ta ɗauraye da ruwan randarmu, ta sa mata da yatsa. 'Yata ta ce yana sukarta. Matar ta ce, "Haka yake da farko, amarya. Duk amaren da suka sa shi kafin ke haka suka ce. Kar ki taɓa, ki bar shi har a gama biki, ni ba zan yi ta zirga-zirga ba."

Da shi ta kwana, da shi ta tashi. Ba ta ma san yadda ake cire shi ba. Ido ya fara ruwa, ya yi ja. To, wace amarya ce idonta ba ya ja? Kanta a lulluɓe, tana ta sharce hawaye, mata suna shiga suna fita suna yabo. Da kunnena na ji wata tsohuwa tana cewa, "Kai, wannan 'yar albarka ce. 'Yan yanzu da dariya ake kai su, ita kuwa dubi yadda take son gidan ubanta." Ni kuma, babban mutum da ni, sai da na gyara zaman hulata don jin daɗi.

Uwarta ba ta matsa ta duba ba, ni ma haka. 'Yar fari ce. A wurinmu ko sunanta ba ma kira, balle a ga mun tsaya muna leƙa fuskarta a gaban jama'a. Komai nata yana hannun yayata, gwaggonta.

Ranar ɗaurin aure, bayan la'asar, aka kawo min ita in yi mata nasiha kafin a sa ta a mota. Ta durƙusa a gabana, mayafi ya rufe ta har ƙirji. Can ƙasa-ƙasa na ji ta ce, "Baba, idona."

Yayata ta ce, "Ba dole ba? Tun ranar kamu take abu ɗaya. Ni da aka kai ni, sai da idona ya kumbura kamar an yi min duka. Yi mata addu'a kawai, direba yana jira."

Ni mutum ne da aka sani da haƙuri, har ana kawo min rigimar gona in sasanta. Abin da na iya shi na ba ta. Na ce, "Ki yi haƙuri. Duk abin da kika ji, ki yi haƙuri, zai wuce." Ta ce to. Aka tafi da ita.

A gidan miji kuwa amarya ba ta magana da wuri, ba ta yaye mayafi a gaban dangin miji. Su ma suka ga hawaye suka yaba tarbiyya. Wata ta rangaɗa mata kwalli wai yana wanke ido. Sai da mijin ya ga ko hasken taga ba ta iya kallo, idon hagu ya liƙe da kwantsa, sannan ya kira ni a waya. Ya ce, "Baba, ku yi haƙuri da kiran, amma wannan ba kukan gida ba ne. Zariya za mu."

Muka bi su can. A asibitin ido, wata likita ta ciro abin nan ta ajiye a ɗan faranti. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wa ya sa mata? Nata ne ko na haya?" Aka ce mata na mai kwalliya ne. Ta ce, "Malam, wannan abu ba a aronsa, kamar asuwaki yake, kowa da nasa. Ba a wanke shi da ruwan rijiya ko na famfo, yana da ruwansa na musamman. Ba a kwana da shi. Kuma da zarar ya fara ciwo, cirewa ake yi a zo nan. Ba ta gaya wa kowa yana mata ciwo ba?"

'Yata ce ta amsa, idonta a rufe. Ta ce, "Na faɗa."

An yi ta magani, an yi ta hawa mota ana komawa. Idon dama ya warke. Na hagu gyambo ya riga ya ci tsakiyarsa, ya bar farin tabo. Ba ta ganin komai da shi sai hazo.

Mai kwalliyar, da aka aika mata, cewa ta yi idon 'yata ne ba ya son kayan zamani, wasu sun sa ba abin da ya same su. Dangi suka ce ƙaddara ce, a bar maganar, kar a ɓata zumunci da mutanen da suka kawo ta. Na yi imani da ƙaddara. Amma ƙaddarar nan a kan mashin ta zo, a cikin kwalba, kuma an ce min har yanzu tana yawo gidajen biki.

Hoton bikin yana nan a ɗakin uwarta. Baƙi suna tsayawa su ce, "Masha Allah, dubi ido kamar na Larabawa." Ba na ce musu komai, fita nake yi.

'Yata tana nan da mijinta da 'ya'yanta, tana ɗinkinta, sai dai ta karkata kai idan za ta zura zare. Ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ko da wasa. Da ma ta yi, da zai fi min sauƙi. Tun daga lokacin, duk wanda na ga yana hawaye, ko amarya ce ko jariri, ba na fara ce masa ya yi haƙuri. Tambaya nake yi, ina ne ke ciwo?

Idan na je Hunkuyi, takan shimfiɗa min tabarma a inda ta ga dama, ni kuma sai in ja ta in koma ɓangaren damanta, don kar ta sha wahalar juyowa kafin ta ga ubanta.